Telan da Bai Iya Ɗinki Sau Ɗaya Ba

A ƙarshen layin masu gyaran rediyo, daidai inda kwalta ta ƙare, akwai wani shago da ake ɗinka kayan makaranta. Kekuna uku ne a ciki, biyu na lantarki, ɗaya kuma baƙi, tsoho, na ƙafa, an ajiye shi kusa da taga. Dattijon da ke zama bayan baƙin keken shi ne Sau-Biyu. Idonsa ya ja baya, 'yarsa ce ke riƙe da shagon yanzu. Aikinsa sa maɓalli, da jan ɗinkin da aka gama da yatsa, da faɗa idan zare ya ba da kai. Mutanen layin suna zaton daga shayi ya samo sunan, don ba ya tashi sai ya sha kofi biyu. Ba daga nan ba ne.

Yana da shekara goma sha tara ya shiga soja. Kafin nan ya yi shekara huɗu yana koyon ɗinki a shagon kawunsa, zaman wuri ɗaya ya ishe shi, ya gudu don ya ga duniya. A sati na uku wandon Saje ya yage a wurin da ba a faɗi, kurtun ya yi subul da baka ya ce zai iya gyarawa. An yi gudun gara an tadda zago. Kafin wata ya ƙare an kai shi ɗakin tela, aka damƙa shi ga wani tsohon kofur mai tari.

Ɗakin yana tsakanin sito da shagon aski. Ƙamshin sitaci da na dutsen guga ba ya rabuwa da shi. Akwai gwangwani cike da anini, waɗannan taurarin da hafsoshi ke sawa a kafaɗa, da akwatin igiyoyin da ake ɗinka wa kofur da saje a hannun riga. Taga ɗaya ce, tana kallon filin fareti. Duniyar da ya gudo ya gani, ta wannan tagar ya gan ta shekara ashirin da shida, kuma har yau idan ya tuna da ƙarar bigila da safe da yadda takalma ɗari biyar ke sauka kamar takalmi ɗaya, sai ya ajiye maɓallin da ke hannunsa.

Abu uku tsohon kofur ya koya masa waɗanda ba a shagon kawu ake koyonsu ba. Na farko, ba a ɗinka wa kowa girma sai an ga takarda, ko da uban tela ne. Na biyu, idan hafsa ya gama aiki lafiya zai tafi gida, tela ne ke warware masa anini da reza, zare ɗaya bayan ɗaya, ya sa masa a tafin hannun dama. Na uku sai da tsohon ya rage murya. Idan za a tuɓe mutum a wulakance, ana kawo wa tela rigar tun jajibere. Zai warware ɗinkin, ya mayar da aninin da suka uku kacal na zare mafi siriri, domin a gaban fareti a fizge su da ja ɗaya a jefar ƙasa. Masu kallo su ɗauka ƙarfin mai fizga ne.

"Allah ya sa ka yi ritaya ba ka yi na ukun ba," in ji tsohon.

A shekararsa ta biyu aka kawo wani sabon laftanar, dogo, siriri, kunnuwansa sun fi hularsa faɗi. Ranar akwai riguna goma sha ɗaya a kan tebur, gobe babban baƙo, wani Janar, zai duba fareti. Telan ya yi sauri. Washegari yana kallo ta taga, laftanar ya buga ƙafa ya sara wa baƙo, anini ɗaya ya fice daga kafaɗarsa ya gangara har gaban takalmin Janar. Aka tambayi laftanar wa ya yi masa wannan ɗinki. Ya ce shi ya sa rigar, shi ya kamata ya duba. Sati biyu ya yi yana gadin ƙofa a rana.

Da ya gama ya zo ɗakin tela, fuskarsa ta ƙone, ya ajiye aninin a kan keke.

"Tela, wannan karon ɗinka shi sau biyu."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Wanzami ya ji ta bango, kafin la'asar duk bariki sun ji. Tun daga ranar telan bai sake ɗinka anini sau ɗaya ba. Yakan ninka zaren, ya goga shi a jikin kyandir har ya yi ƙarfi, ya bi zagaye ɗaya, ya dawo ya bi na biyu ta ramukan na farko.

Laftanar ya yi ta yawo, wannan bataliya, waccan makaranta, yaƙi ɗaya a ƙasar waje. Amma duk lokacin da aka ƙara masa girma sai rigar ta iso a nannaɗe da takarda a aljihu. Bayan shekara ashirin da huɗu ya dawo a matsayin kwamandan barikin. Sojoji suna ce masa Agogo, a bayan idonsa. Shi ne kanar ɗin da ba ya cin abinci sai ya ga an zuba wa ƙananan soja, wanda yake zagaya layin iyalai ranar Asabar yana murɗa famfo da hannunsa. Kuma mutum ne mai tsanani, ba ya yafe makara ko ta minti ɗaya. Ba kowa ke sonsa ba, amma ba wanda ya taɓa jin ya ɗora laifinsa a kan na ƙasa da shi.

"Yallaɓai, ƙugun nan ya ƙaru da yatsa uku," telan kan ce idan yana awo.

"Igiyar awonka ce ta tsufa ta tsuke."

"Tare muka tsufa da ita, ranka ya daɗe."

Shekarar da abin ya faru, gwamnati ta ɗage zaɓe karo na biyu. Malaman makaranta da ma'aikatan masaƙa suka ce za su taru a dandali su zauna har sai an sa rana. Ana gobe taron, da hantsi, telan yana durƙushe a ofishin Kanar yana kafa allurai a ƙafar sabon wando, sai ga wani Minista ya shigo ba sallama. Telan ya yunƙura zai fita. Kanar ya ce ya ci gaba da aikinsa. Minista ko kallonsa bai yi ba, a wurinsa tela da kujera duk ɗaya.

"Kanar, muna so kafin azahar gobe ba kowa a dandalin nan."

"Za a fitar da yara su tsaya, Yallaɓai."

"Ba tsayuwa muke so ba. Ka ba su harsashi. In biyu uku suka faɗi, sauran za su tuna suna da gida."

"To, a rubuta mini a sa hannu."

"Ni da bakina nake faɗa maka, kana neman takarda?"

"Ko telan nan ba ya ɗinka mini anini sai ya ga takarda, Yallaɓai. Balle ran mutum."

Telan, da allura huɗu a baki, ya ci gaba da kafawa. Minista ya ce wanda ya ba da anini ya san yadda ake karɓewa, ya fita. Kanar ya dubi ƙasa ya ce ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo.

Washegari ya kulle ɗakin makamai, ya sa makullin a aljihu, ya fitar da kamfani biyu da bindigogi ba harsashi, ya tsaya a gabansu da kansa. Mutane suka yi waƙe-waƙensu, wata tsohuwa ta ba sojoji ruwa. Da la'asar hadari ya haɗo, kowa ya nufi gida. Ko ƙwarzane ba a yi wa kowa ba. Bayan sati uku kotun soja ta same shi da laifin ƙin bin umarni da haɗa kai da masu tada fitina, ta yanke a tuɓe shi a gaban fareti.

Samanja ne ya kawo rigar, ranar Laraba da rana. Tsohon abokin telan ne, tare suka shiga aiki. Ya ajiye ta bai zauna ba.

"Gobe ƙarfe tara. Janar da kansa zai zo. Ka san abin da ake yi."

"Na sani."

"Kuma na ga maigidan a inda yake tsare. Ya ce in faɗa maka, umarni ne daga gare shi: ka yi abin da aka ce. Ya ce ya san halinka, kada ka yi masa taurin kai da rigarsa."

"Haka ya ce?"

"Har da sunanka. Saura wata goma sha takwas ka yi ritaya, mutumina. Kada ka zubar da ruwa a bakin randa."

Telan ya tafi gida cin abincin rana bai iya ci ba. Ɗaki biyu ne da tsakar gida a layi na huɗu, matarsa ta shuka lemo a bakin ƙofa tun suna amare, ya girma har yana ba maƙwabta inuwa. Babbar 'yarsu tana ajin ƙarshe a makarantar bariki, saura wata huɗu jarrabawa, ita ce ta ɗaya a aji, burinta aikin jinya. Wanda aka kora daga aiki, sati ɗaya ake ba shi ya bar ɗaki, kuma 'ya'yansa su bar makaranta.

Matarsa ta gama jin labarin ta ajiye ludayi.

"Kofur," haka take kiransa in rai ya ɓaci, "shi da kansa ya ce ka sassauta. Ko ka fi mai kora shafawa?"

"Ban ce komai ba."

"Shirun nan naka nake tsoro. Ka ɗinka sau ɗari ma, tuɓe shi za su yi. Zare bai taɓa tsayar da gwamnati ba. Ka dubi yarinyar nan."

Ya san gaskiya ta faɗa. Ya koma ɗakin tela, ya warware aninin, ya zaro zare mafi siriri, ya yi suka uku a kowanne. Ya rataye rigar ya tafi.

Da safe, bayan bigila, ya zo ya sauko da ita don ya goge. Da dutsen guga ya bi ta kafaɗa sai aninin ya yi rawa kamar haƙorin yaro. Ya tsaya yana kallonsa. Abin da ya dame shi ba tuɓewar ba ce, wannan ba a hannunsa take ba. Jama'a za su ga aninin Kanar ya fita da ja ɗaya, kamar dama ba a zaune yake ba, kuma hannunsa ne zai shirya wannan ƙaryar, a kafaɗar mutumin da ya taɓa shan rana sati biyu saboda ɗinkinsa. Ya duba agogo, saura awa biyu. Ya buɗe aljihun keke ya ɗauko guntun kyandir.

Ƙarfe tara bataliya ta jeru. Aka fito da Kanar tsakanin soja biyu, aka karanta hukunci, ganga ta fara kaɗawa. Wani manjo matashi, wanda Kanar ne ya koya masa karanta taswira, shi aka sa ya fizge. Ya kama ya ja. Kafaɗar Kanar ta biyo shi, aninin bai motsa ba. Ya sake ja da hannu biyu, har dogon mutumin ya yi taga-taga. Mai ganga ya kaɗa har hannunsa ya gaji, ya yi shiru. A sahun baya wani ya yi tari. Wani ya amsa. Tarin ya bi sahu-sahu har Samanja ya daka tsawa.

Janar ya ce a kira telan da ya yi wannan aiki ya zo ya cire da hannunsa.

Tafiyar daga ɗakin tela zuwa tsakiyar fili ba ta kai taku ɗari ba. Telan yakan ce bai taɓa yin doguwar tafiya kamarta ba. An miƙo masa almakashi don ya yanke kafaɗar gaba ɗaya, ya ce yana da reza. Ya tsaya gaban Kanar, sai da ya yi ɗage kafin ya kai.

"Na aiko maka da umarni," Kanar ya ce, leɓensa kawai ke motsi.

"Ya iso, Yallaɓai."

"Ka kusa sa a cire mini kafaɗa."

"A gafarce ni. A ɗan sunkuyo."

Ya warware zare ɗaya bayan ɗaya, yadda tsohon kofur ya koya masa, bai yanki ko silin rigar ba. Ɗinki biyu ne a kowane anini, ya ɗauki lokaci, kuma ba wanda ya san dokar da za a ce ya karya balle a tsayar da shi. Da ya gama ya kamata ya zubar a ƙasa. Ya kamo hannun daman Kanar, ya buɗe, ya zuba masa, ya rufe yatsun. Sannan ya ja da baya taku ɗaya ya sara. Duk sojan da ya yi shekara biyar a bariki ya san abin da ya gani: haka ake sallamar wanda ya gama aiki lafiya.

Da aka tambaye shi a ofis, amsa ɗaya ya yi ta maimaitawa. "Ranka ya daɗe, ban iya ɗinki sau ɗaya ba." Aka ba shi kwana ashirin da takwas a tsare, aka sauke shi, aka kore shi. Samanja ya zo cire masa igiyoyinsa biyu, ya taɓa ɗinkin, ya miƙa masa reza. "Cire da kanka. Ni ina da iyali, ba zan karya yatsa ba."

Suka bar layi na huɗu a bayan motar itace, da katifa biyu da baƙin keken da matarsa ta saya daga sito da kuɗin adashinta. Lemon yana da 'ya'ya ba su nuna ba. Matar ta yi wata uku ba ta kira shi komai sai "kai". Yarinyar ba ta zauna jarrabawa ba. Makarantar gari ta ce sai ta koma baya aji biyu, ga ƙanne huɗu, ga shago sabo ba mai taimako, sai ta zauna a gefen keke. Wannan ne wurin da dattijon ba ya son a daɗe idan yana ba da labari. Ba ya cewa ya yi nadama. Ba ya kuma cewa bai yi ba. Yakan ce shi ya ɗinka, ita ta biya.

Kanar ya yi shekara uku a kurkuku, ya fito ya koma koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Wata rana ya bayyana a ƙofar shagon da wando a leda, gwiwa ta huje. Daga nan duk bayan wata biyu sai ya zo, ko da abin gyara ko babu. Su sha shayi, su tuna wanzami da ƙaryarsa, da bigilar da ta taɓa toshewa ranar babban fareti, da waɗanda suka rasu. Kuma ba su taɓa rabuwa ba tare da an tayar da tsohuwar rigima ba.

"Umarni biyu ka karya rana ɗaya, nasu da nawa. Da ni ne alƙali, kwana hamsin zan ba ka."

"Wa ya fara ƙin bin umarni a barikin nan, Yallaɓai?"

"Ni na nemi takarda."

"Ni ma ba a kawo mini takarda ba."

Gaban 'yar kuwa Kanar ba ya wasa. Yakan miƙe idan ta shigo, ita kuma ta gaishe shi da ladabi ta koma kan kekenta. Shekaru suka yi haka.

Bayan shekara goma sha tara, gwamnati ta canza sau uku, wani kwamiti ya duba tsofaffin shari'u. Wata Talata da safe Kanar ya zo, yanzu da sanda, riƙe da leda da ambulan. A ledar tsohuwar rigar ce, da aninin a ƙulle cikin hankici. Ya miƙa takardar. Dattijon ya kai ta kusa da hanci, ya nisanta ta, sannan ya miƙa wa 'yarsa. Ta karanta a bayyane: an soke hukuncin, an mayar wa Kanar girmansa.

"Na rubuta musu sau huɗu a kanka," in ji Kanar. "Sun ce a fayil babu inda aka ce an zalunci tela. An rubuta sakaci a wurin aiki."

"Sakaci!" Dattijon ya yi dariya har da tari. "Shekara ashirin da shida, wannan ne kaɗai zagin da ya shige ni."

Kanar bai yi dariya ba. Ya juya ga 'yar. "Ke ya kamata a rubuta wa takarda, 'yata. Ba ni da abin da zan ce miki."

Ta ninke takardar ta mayar cikin ambulan. "Na yi fushi da ku duka biyu, Baba, na daɗe ina yi. Har yanzu in na hango asibiti nakan sauya hanya." Ta shimfiɗa rigar a kan tebur, ta shafa kafaɗar. Ramukan allurar suna nan a jere, ba yagewa ko ɗaya. "Amma a dandalin nan har da malamarmu ta lissafi, da ciki wata bakwai. Yaron da ta haifa, ni na yi ta ɗinka masa kayan makaranta har ya gama."

Dattijon ya ɗauki allura, ya yi ta neman kafarta da zare bai samu ba. Ta karɓa. Ta warware zaren da tsawo, ta ninka, ta buɗe aljihun baƙin keken ta ɗauko guntun kyandir ta goga, ta zura ta miƙa masa.

"Ka bi tsofaffin ramukan, Baba. In ka kauce zan faɗa maka."

Ya jawo kujerarsa kusa da taga. Kanar ya zauna a benci yana jira, ya duba agogonsa, ya ce ba ya son makara.